Manhajar InVEST da auna dajin shaƙatawa: abin da take gani da abin da ke kufce mata

Duk wanda ya taɓa zama a teburin da ake tsara amfani da ƙasar karkara ya san yadda dajin shaƙatawa ke shan kaye. Mai katako zai zo da lissafinsa a rubuce, itace kaza a kowace hekta. Mai son a sare a yi gona zai kawo nasa, mai haƙar dutse ma haka. Shi kuwa wanda ke cewa a bar wancan gefen domin jama'a suna zuwa su miƙe ƙafa su sha iska, ba shi da komai a hannu sai baki, kuma a irin wannan zama baki ba ya ja da takarda. Alƙaluman duniya ma sun nuna hakan. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce akwai daji hekta biliyan 4.06 a doron ƙasa. Kimanin hekta biliyan 1.15 an ware su ne domin katako da sauran amfanin daji, amma abin da aka ware musamman domin shaƙatawa, yawon buɗe ido, ilimi da wuraren tarihi da ibada, duka a haɗe, hekta miliyan 186 ne kacal.

Aikina ke nan, tsara taswirar abin da za a yi da kowane yanki na ƙasa, kuma neman takardar da zan ajiye kusa da ta mai katako shi ya kai ni ga InVEST. Na yi aiki da ita sosai, ina kuma ba da shawarar a yi amfani da ita, amma da sharaɗi mai nauyi da zan zo kansa.

InVEST tarin manhajoji ne kusan ashirin a cikin kunshi ɗaya, waɗanda ƙungiyar Natural Capital Project ta ƙirƙira, ƙungiyar da aka kafa a 2006 da haɗin gwiwar Jami'ar Stanford ta Amurka da ƙungiyoyin kare muhalli na WWF da The Nature Conservancy. Akwai mai lissafin zaizayar ƙasa, akwai ta ruwa, akwai ta iskar kabon da itatuwa ke adanawa. Kyauta ake sauke ta, kuma duk mai so yana iya buɗe cikinta ya ga yadda aka gina lissafin, abin da nake girmamawa ƙwarai, domin hukuncin da zai shafi ƙasar jama'a bai kamata ya fito daga akwatin da ba mai iya leƙawa ba. Ɓangaren da nake magana a kai shi ne na ziyara, shaƙatawa da yawon buɗe ido.

Dabarar da aka gina shi a kai tana da ban sha'awa. Dajin karkara ba shi da ƙofa, ba mai yankar tikiti, ba littafin baƙi. Ana shiga ta ko'ina, a fita ta ko'ina. To ta yaya za a san inda mutane ke zuwa? Sai masu manhajar suka koma ga hotunan da jama'a suka ɗora a shafin Flickr tare da alamar wurin da aka ɗauke su, daga 2005 zuwa 2017. Ba yawan hotuna take ƙirgawa ba, kuma nan ne hikimar take. Mutum ɗaya da ya ɗauki hoto a wuri ɗaya a rana ɗaya, ko hoto guda ya ɗauka ko ɗari biyu, ɗaya za a rubuta. Ta haka mai son ɗaukar kowane ganye ba zai rinjayi lissafin ba. Kafin a yarda da dabarar an gwada ta: a 2013 Spencer Wood da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar Scientific Reports inda suka kwatanta ƙirgar hotunan da ainihin adadin maziyarta a wurare 836 cikin ƙasashe 31, suka ga inda hotuna suka yi yawa, galibi nan maziyarta suka yi yawa. Sababbin fitowar manhajar sun ƙara da saƙonnin Twitter masu alamar wuri, amma tunanin dai ɗaya ne.

Sarrafa ta ba wuya. Za ka zana iyakar yankinka a wata manhajar taswira, ni QGIS nake amfani da ita, ka tabbata ma'aunin taswirar na mita ne, ka ba InVEST. Za ka zaɓi shekarun da kake so, sannan ka ce ta yanka yankin gida-gida, ko dai murabba'i ko mai kusurwa shida. Dole akwai intanet, saboda rumbun hotunan ba a kwamfutarka yake ba, can ake aika iyakar taka a ƙirgo a dawo maka da sakamako. Ita kanta ba ta nuna taswira, sai ka koma QGIS ka buɗe abin da ta fitar. Wanda ya saba da aikin taswira ba zai yi yini bai gane kanta ba.

Shawarar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce girman gidajen, kuma manhajar ta bar maka ita. Ka yanka ƙanana ƙwarai, a ce mita ɗari biyu, sai ka tarar da yawancinsu sifili, domin a karkara hotuna ba su da yawa. Ka yanka manya, kilomita goma, sai bakin kogi da filin da aka sare da ƙauye duk su faɗa gida ɗaya, taswirar ta zama ba ta raba komai da komai. Ni nakan gudanar da ita da girma dabam-dabam in jera sakamakon. Wurin da ya fito fili a kowane girma, shi nake ɗauka da gaske. Wanda yake ɓullowa a wannan ya ɓace a wancan, ina ajiye shi gefe sai na taka ƙafa na gani.

Abin da ya fi yi mini amfani, wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne jadawalin wata-wata da take fitarwa. Yawancin rikicin da ke tsakanin masu aikin daji da masu ziyara na lokaci ne fiye da na wuri. A wani aiki da na yi, jadawalin ya nuna ziyarar wani kwari mai rafi ta taru ne a 'yan watanni kaɗan na shekara, sauran lokacin tsit. Da wannan aka samu mafita ba tare da an kori kowa ba: manyan motocin ɗaukar itace su bi hanyar a watannin da ba kowa, su bar ta a watannin cunkoso. Da baki kawai na je da shi da ba wanda zai saurare ni.

Mataki na biyu shi ne inda manhajar ke ƙoƙarin gano dalili. Kai ne za ka kawo mata abubuwan da kake zaton suna jawo mutane ko suna korarsu: kason gidan da itatuwa suka rufe, tsawon hanya ko turbar ƙafa a cikinsa, nisansa da ruwa, tudu da gangare, yawan masauki, yawan jama'ar da ke kewaye. Sai ta yi lissafin dangantaka ta gaya maka wanne ke tafiya tare da yawan ziyara, kuma da wane ƙarfi. Daga nan kana iya canza taswira, ka cire wannan dajin ko ka shimfiɗa sabuwar turba, ta yi hasashen yadda ziyara za ta sauya. An yi amfani da wannan ɓangaren wajen shirya tsarin kula da gaɓar tekun ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, wanda gwamnatinsu ta amince da shi a 2016, saboda haka ba abin wasan ɗalibai ba ne.

Ina yaba mata a kan cewa ba ta zo da nata ra'ayin ba. Hanyar da aka fi bi a fagenmu ita ce a tara masana a ɗaki, a ce ruwa maki biyar, tsohon daji maki huɗu, tudu maki uku, a tara a fitar da taswira mai launi. Na sha zama a irin wannan ɗakin, kuma abin da ke fitowa shi ne taswirar wuraren da masanan kansu suke so. InVEST aƙalla tana tambayar sawun mutane ne.

To amma sawun su wa? A nan gizo ke saƙar.

Ka ɗauki daji irin wanda ake samu a kowace nahiya. A can ƙuryarsa akwai magangarar ruwa daga kan dutse, mota na kaiwa kusa. A bakinsa kuma akwai ƙauyuka, da siririn kurmi da ya zagaye su. Baƙo daga birni zai zo magangarar sau ɗaya a rayuwarsa, da kyamara a wuya, ya ɗauki hoto ya ɗora. Dattijon da ke bin turbar kurmin kowace yamma shekara arba'in, da yaran da ke wasa a rafin bayan gida, da matar da ke zama a inuwa ta huta bayan aiki, ba wanda zai ɗauki hoto a cikinsu, don ba a ɗaukar hoton abin da aka saba gani kullum, kuma ko sun ɗauka ba Flickr za su kai ba. Taswirar za ta yi ja a magangara, ta bar bakin dajin fari fat. Alhali idan sa'o'in da ɗan'adam ya shafe yana hutawa ake ƙirgawa, mai yiwuwa kurmin nan ya ninka magangarar. Kuma shi ne gefen da aka fi kwaɗayin sarewa, domin shi ke kusa da hanya da gonaki. Masu manhajar ba su ɓoye cewa masu ɗora hoto ba su wakilci kowa ba. Matsalar ita ce taswira mai launi tana da kwarjini, kuma shugaban kwamitin da bai karanta bayanin da ke ƙasa ba zai kalli farin gida ya ce ai nan ba kowa. Wannan abu yana tayar mini da hankali matuƙa, domin kayan aikin da aka ƙirƙira don kare daji yana iya zama hujjar sare wanda talaka ya fi buƙata.

Bincike ma ya goyi bayan wannan tsoron. A 2017 Henrikki Tenkanen da abokan aikinsa sun kwatanta bayanan Instagram, Twitter da Flickr da ainihin ƙirgar maziyarta a gandayen daji na ƙasa a Finlan da Afirka ta Kudu. Sun ga cewa dabarar ta fi aiki a wuraren da ke da maziyarta da yawa, tana rauni a wuraren da ba su da yawa, kuma Instagram ya fi sauran dacewa da ƙirgar gaskiya. Dajin karkara na yau da kullum, wanda ba shi da suna a littafin masu yawon buɗe ido, yana cikin rukunin da dabarar ke rauni.

Akwai kuma tazara tsakanin tambayar da manhajar ke amsawa da wadda mai tsara ƙasa ke yi. Ita tana faɗin inda ake zuwa. Ni kuwa ana tambayata ina ne ya cancanci a tanada domin shekara talatin masu zuwa, har da wuraren da yau ba mai zuwa saboda ba turba ko ba a san su ba. Kusan duk lokacin da ka saka hanya cikin lissafin za ta fito da ƙarfi, tunda mutane suna zuwa ne inda za su iya kaiwa. Idan ka bi hasashen ido rufe, amsar kullum ita ce a ƙara titi, a ƙara wurin ajiye mota. Amma akwai mai shiga daji don ya rabu da ƙarar mota, kuma shi titi ɓarna ne a wurinsa. Hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka ta fahimci haka tun a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Roger Clark da George Stankey suka bayyana tsarin da ke raba ƙasa mataki-mataki gwargwadon irin hutun da take bayarwa. Matakai shida ne, daga dajin da ba a taɓa ba har zuwa lambun cikin birni. Matakin farko sai wurin ya yi nisan mil 3 daga hanyar mota, wato kusan kilomita 5, kuma ya kai faɗin eka 5,000, kimanin hekta 2,000. Darajar irin wannan wuri tana cikin ƙarancin mutanensa. Ma'aunin da ke ƙirga kawuna zai ba shi maki mafi ƙasa, ga shi kuwa shi ne wanda in aka ratsa shi da titi sau ɗaya ba ya dawowa.

Wani abin kuma ya shafi bayanan da mu kanmu muke ba ta. Mafi yawanmu muna ɗauko taswirar itatuwa ne daga tauraron ɗan'adam, kamar wadda Matthew Hansen da tawagarsa a Jami'ar Maryland suka fitar a 2013 daga hotunan tauraron Landsat, wadda kowane ɗigo a cikinta yake wakiltar fili mai faɗin mita 30. Taswira ce mai daraja, amma duk tsiron da ya wuce mita 5 itace ne a wurinta. Gonar itacen katako da aka dasa layi-layi, mai duhu, ba tsuntsu ba ciyawa, da tsohon daji mai manyan itatuwa da sarari a ƙarƙashinsu, duk kore ɗaya suke daga sama. Mai tafiya a ƙasa kuwa ya san bambancinsu tun takun farko. Tambayoyin da aka shafe shekaru ana yi wa jama'a a Finlan, Norwe da Suwidin sun yi ta maimaita abu ɗaya: mutane sun fi son manyan itatuwa da suka tsufa, da dajin da ido ke iya ratsawa, kuma ba sa son filin da aka sare ƙarƙaf ko tarin rassan da masu yanka suka bari. In ba ka kawo bayanin shekarun itatuwa da kaurin ƙarƙashinsu daga rajistar masu gandun daji ba, lissafin ba zai taɓa ganin wannan ba, komai kyawun manhajar.

Shekarun bayanan ma abin lura ne. Hotunan sun tsaya a 2017. An buɗe Flickr a 2004, ya yi tashe a tsakanin masu kyamara, amma da wayar hannu ta mamaye ɗaukar hoto sai jama'a suka karkata zuwa Instagram, wanda ya fito a 2010. Saboda haka raguwar hotuna a shekarun ƙarshe ba lallai ta nuna raguwar ziyara ba, kuma ban taɓa amfani da manhajar don cewa ziyara tana hawa ko tana sauka daga shekara zuwa shekara ba. Sannan duniya ta canza bayan nan. A lokacin kullen annobar korona a 2020, na'urorin ƙirga mutane a dajin Kottenforst da ke kusa da birnin Bon na Jamus sun nuna maziyarta sun fi ninki biyu. Dajin kusa da gida ne mutane suka ruga, ba shahararrun wurare ba, kuma wannan ba ya cikin rumbun hotunan.

Sauran abubuwan da ba ta yi, a taƙaice: ba ta faɗin kuɗin da ziyara ke kawowa, ba ta faɗin daga ina baƙin suka fito, ba ta san mai ƙasar ba ko wanda ke da haƙƙin kiwo da itacen wuta a cikinta, kuma ba ta auna yawan ƙafar da turba za ta ɗauka kafin ƙasa ta zaizaye ko namun daji su ƙaura. Ba ta yi alkawarin waɗannan ba, don haka ban riƙe ta da su ba.

Ga yadda nake aiki da ita yanzu. Taswirarta ɗaya ce daga cikin uku da nake ajiyewa a tebur. Ta biyu ita ce ta abin da ƙasar ke iya bayarwa ko da ba mai zuwa yau, wadda nake ginawa kusa da salon da Cibiyar Binciken Haɗin Gwiwa ta Tarayyar Turai ta bi a tsarinta na ESTIMAP: yadda wurin ya kasance a halittarsa, kusancinsa da ruwa, ko yana da kariyar doka, sannan a gwama da nisansa daga gidajen mutane. Ta uku ita ce wadda na fi ba wa muhimmanci, kuma ba kwamfuta ke yin ta ba. Ina buga babbar taswira a takarda in kai wa mazauna yankin, maza daban, mata daban, matasa daban, in ba su alƙalami su zagaye inda suke zuwa hutawa da inda ba sa so a taɓa. Ina raba su ne saboda wuraren da mata da yara ke zuwa ba safai suke fitowa ba in an tara kowa a zama ɗaya. Inda hali ya yi, a kafa na'urar ƙirga masu wucewa a bakin manyan turbobi biyu ko uku, ko a zaunar da mutum da littafi a ranakun aiki da na hutu, don a samu abin da za a gwada hotunan da shi. Inda taswirori ukun suka haɗu, ba gardama. Inda suka saɓa, nan ne aikin yake, kuma nan nake kashe lokacina.

Akwai wata ƙa'ida da na ɗora wa kaina, ina kuma roƙon duk abokin aikin da zai yi amfani da manhajar nan ya ɗauke ta: gidan da ba hoto ko ɗaya kada a shafa masa launin da ke nufin ƙarancin ziyara. A ba shi launi na dabam, a rubuta a gefe cewa babu bayani. Ƙaramin gyara ne da ba ya cin minti biyar a QGIS, amma yana hana a karanta shirun mutane a matsayin rashinsu.

Wa za ta yi wa amfani? Idan yankinka babba ne, lardi guda ko fiye, yana da wuraren da baƙi ke zuwa, kuma ba ka da kuɗin ƙirgar maziyarta, sauke ta yau, za ta ba ka cikin yini abin da da sai ka shekara kana nema. Idan kana son nuna wa masu yanke hukunci cewa daji yana da amfani ban da katako, za ta ba ka takardar da za ka ajiye a gabansu. Idan kuwa aikinka ɗan kurmi ne mai hekta ɗari biyu a tsakanin ƙauyuka, inda masu amfani da shi su ne mazauna wurin, kada ka ɓata lokacinka da ita. Buga taswirar takarda ka je ka same su.